Fanken alkama da kwaka: yadda nake riƙe cikina a karatun mastas

 Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare.

Akwai maganar da ba ma son yi a fili, ita ce maganar yunwa. 'Yan digirin farko sun fi mu gaskiya, su har lissafi suka yi mata: 1-0-1, 0-1-0, 0-0-1. Sifili an tsallake, ɗaya an samu an taɓa. Mu kuwa da ake kira manya, mun sa kaftani mai guga, mun rataya jakar kwamfuta, kowa na ganin mun wuce wannan matakin. Alhali da yawanmu albashi ɗaya ne muke yayyankawa: kuɗin makaranta, kuɗin mota, fotokwafi, data, buga babi na ɗaya sau uku saboda gyara, ga ƙanne a gida suna jiran nasu. Idan lissafi ya ƙi fita, abin da ake fara yankewa shi ne karin kumallo, don shi kaɗai ne ba ya aiko da takardar tuni.

Ni a Ashige nake zaune, kan hanyar da ta tashi daga Lafiya ta nufi Assakio da Shendam. Ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, lakcocinmu kuma a cikin Lafiya ake yi. Ranar lakca da an idar da sallar asuba nake fita bakin titi, ba kuma na dawowa sai bayan magariba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya zama shi ne babban ɗan gida, shi ake fara ba wa nasa. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin ɗari. Wannan ba labarin jarida ba ne a wurinmu, a farantin mai abinci muka gan shi: kuɗi ya ƙaru, malmala ta ragu.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci shi ne wata rana a semina. Wani ɗan ajinmu, magidanci mai 'ya'ya uku, yana tsaye yana gabatar da takardarsa, sai muka ga ya dafa tebur, gumi na karyo masa, magana ta sarƙe. Aka zaunar da shi, aka ba shi ruwa, kowa ya ce zazzaɓin cizon sauro ne. Sai da muka fito ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ba zazzaɓi ba ne. Rabona da abinci tun jiya da rana. Kuɗin da ke hannuna na buga takardar nan da shi, ragowar na bar wa yara." Mutumin nan ya yi sati uku yana shirya wannan gabatarwar. Ba ilimi ne ya gaza masa ba, ciki ne.

To ni abin da ya tsaya mini a ranakun lakca shi ne fanken alkama da kwaka. Na san wasu za su yi dariya su ce abincin 'yan gayu ne, irin wanda ake gani a hotunan Instagram da zuma tana gangarowa. Idan garin kwali za ka saya a babban kanti, gaskiyarsu ne. Amma idan daga ƙwayar alkama ka fara, ka kai inji da kanka, ka sayi nono wurin Fulani, lissafin ya canza gaba ɗaya.

Ba ina raina shayi da burodi ba ne, ko Indomie, ko ƙosai da koko. Su suka raine mu. Matsalar farin burodi da taliyar leda ita ce ba sa zama. Ka ci da ƙarfe shida, kafin sha ɗaya ciki ya fara kiran ciroma, daidai lokacin da Dokta ya shiga bayanin hanyoyin bincike. Dalilin yana cikin ƙwayar alkamar kanta. Kashi uku gare ta: dusa a waje, wajen kashi 14 cikin ɗari na nauyinta; ɗan idon tsiro, wajen kashi 3; sai farin ciki mai sitaci, wajen kashi 83. Kamfanonin fulawa suna cire dusar da idon tsiron, su bar farin, saboda ya fi laushi kuma ya fi daɗewa a ajiye. Amma a dusar nan harza take, wadda ke rage saurin narkewar abinci, a idon tsiron kuma mai da wasu sinadaran gina jiki suke. Shi ya sa garin alkama da aka niƙa ɗungurungum ya fi riƙe ciki. Kwaka kuma tana da wata harza mai yauƙi, ita ce ke sa kununta ya yi danƙo, ita ma tana jinkirta yunwa. Ka haɗa su da ƙwai da nono, ka samu abin da zai kai ka azahar ba tare da kana kallon agogo ba.

Kuma wai abincin Turawa ne, to a duba sunayen. Alkama daga Larabci muka aro ta, ta daɗe a ƙasar Hausa har ta haifi alkubus, funkaso, alkaki, gurasa da taliyar hannu. Fanke daga Turanci ya shigo, ya zauna har yau ba wanda ke jin sa baƙo. Kwaka kuwa sunan kamfanin Quaker ne bakinmu ya lanƙwasa, kamar yadda kowane garin wanki ya zama omo. Ranar da Ummata ta fara ganin ina yi, ta ɗauki ɗaya ta gutsura ta ce, "Ai wannan funkaso ne da bai sha mai ba." Ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Ga yadda nake yi, daga farko.

Ina sayen alkama mudu ɗaya a kasuwar Lafiya, wurin masu hatsi. A duba ta da kyau, kar a ɗauki mai ƙwari ko mai warin ruma. In na dawo gida sai in tsince tsakuwa, in wanke, in shanya a tabarma ta bushe ƙarau. Wannan bushewar ba abin wasa ba ce, alkama mai danshi tana liƙe wa inji, garin kuma ba ya kwana biyu sai ya yi tsami. Wurin mai inji akwai magana biyu da nake faɗa kullum. Ta farko, kar a surfa, a niƙa ta da dusarta. Ta biyu, a sa tawa bayan masara ko dawa, ba bayan barkono ba. Mai injin unguwarmu har ya haddace, da ya hango ni sai ya ce, "Malam, na sani, ba surfe, ba yaji." Idan an niƙo ina tankaɗewa da rariya mai faɗin ido don cire ƙaiƙayi kawai, dusar da ta tsaya mai laushi in mayar da ita cikin garin.

Kar a niƙa da yawa. Man da ke cikin idon tsiron nan shi ke sa garin alkama saurin canza wari, ga kuma zafin Lafiya da kowa ya sani. Mudu ɗaya ya isa, a zuba a roba mai murfi, a ajiye inda rana ba ta bugu. Ni yana yi mini kwaɓi huɗu zuwa biyar.

Ma'aunina gwangwanin madara ne, don shi ne kowane ɗaki ke da shi. Kwaɓi ɗaya:

Garin alkama gwangwani 2. Kwaka gwangwani 1. Nono mai ɗan tsami gwangwani 2 da rabi. Ƙwai 1, in da hali 2. Suga cokalin cin abinci 2. Man gyaɗa cokalin cin abinci 2. Bekin foda cokalin shayi 2. Gishiri ɗan kaɗan, abin da yatsu uku suka ɗauka.

Da farko a zuba kwakar a cikin nonon, a bar ta ta jiƙa. Minti 15 ya isa, amma ni da daddare nake jiƙawa in rufe, in lokacin sanyi ne. Lokacin zafi kuwa, watan Maris da Afrilu, gara a jiƙa da asuba, don nono ba ya jure kwana a ɗaki mara firij. A wani kwanon a haɗa gari, suga, gishiri da bekin foda, a gauraya su a bushe. Sai a fasa ƙwai a cikin jiƙaƙƙiyar kwakar, a zuba mai, a kaɗa. Daga nan a juye mai ruwan a kan busasshen, a juya da cokali har garin ya ɓace, a tsaya.

Wannan "a tsaya" ita ce inda hannun da ya saba da funkaso ko fanken yis zai so ya yi gardama. Can ana bugun ƙullu ne har ya yi danƙo, saboda ana son ya riƙe iskar yis na awanni. Nan akasin haka ake nema. Yawan bugu yana tayar da danƙon alkama, fanken ya fito kamar roba. Ƙananan gudaji ba laifi ba ne, za su narke da kansu. A rufe ƙullun a ba shi minti 10, dusar ta sha ruwa ta yi laushi. Ni a wannan tazarar nake guga ko in haɗa takarduna. In an dawo an ga ya yi kauri da yawa, a ƙara nono ko ruwa kaɗan. Kaurin da ake so shi ne ya zubo daga ludayi a hankali, ya fi na masa kauri, bai kai na ƙosai ba.

Me ya sa nono, ba madarar gari ba? Na farko ya fi araha a nan, matan Fulani suna shigowa da shi Ashige. Na biyu, tsaminsa yana aiki. Idan tsami ya haɗu da sinadarin da ke cikin bekin foda sai iska ta tashi, ita ce ƙananan ƙofofin da ake gani a cikin fanke. Iyayenmu sun san wannan tun kafin a kawo gwangwanin bekin foda: kanwa da tsami in sun haɗu kumfa suke yi. Ranar da bekin foda ta ƙare, ɗan ruwan kanwa da aka jiƙa aka tace yana fitar da kai kunya, amma kaɗan, don in ya yi yawa zai ba da ɗaci ya kuma duhunta launin. Abu ɗaya, in za a sayi nono a nemi wanda aka dafa madarar kafin a kwantar, kuma a gaya wa mai nonon kar ta tsinka shi da ruwa. Wadda nake saya a wurinta, Inna nake ce mata, in ta gan ni sai ta ɗebo daga ƙasan ƙwarya ta ce, "Na ɗan makaranta, mai kauri."

Suya kuma ba ta son gaggawa. Kasko mai kauri ya fi, ko a kan gas, ko risho, ko murhun gawayi. A shafa mai kaɗan, shafawa kawai, ba tsamo ba. Wuta matsakaiciya zuwa ƙasa, domin garin alkama mai dusa yana saurin yin duhu, sai waje ya ƙone ciki bai nuna ba. In gawayi ne a bari ya ruru ya fara yin toka tukuna. A zuba ludayi ɗaya, kar a danna, kar a taɓa. Idan ƙofofi suka fito a sama suka fashe ba su rufe ba, gefen kuma ya bushe, lokacin juyawa ya yi. Juyi ɗaya ake yi. Gefe na biyu bai kai na farko daɗewa ba. Wannan kwaɓin yana ba ni takwas zuwa goma, madaidaita.

Uku nake ci kafin in fita, da ruwan shayi. Sauran in bari su huce sarai, sannan in naɗe a takarda mai tsabta in sa a roba. Kar a ɗaure su da zafi a leda, gumi zai sa su yi yauƙi kafin la'asar. Kuma na yini ɗaya ne, ba na kwana ba, tunda wutar lantarkinmu ba abin dogaro ba ce. Mahaɗi kuwa ba sai zuma ba. Ayaba, tunkuza, dakakken ƙuli-ƙuli, ko soyayyen riɗi, wanda Allah ya hore wa jihar nan. Akwai ranar da na ci da miyar taushe da ta kwana, ban ga abin da ya rage ba.

Mai son sauƙi ya haɗa busassun kayan tun ranar Lahadi, gari da suga da gishiri da bekin foda, ya rarraba kwaɓi-kwaɓi. Da asuba nono da ƙwai kawai zai ƙara. Daga tashi zuwa sauke kasko bai wuce rabin awa ba.

Yanzu bari in faɗi inda abin ke yi mini ciwo. Duk wannan "daga farko" da nake taƙama da shi, manyan kayan biyu ba a gonakinmu suke ba. Ashige ƙasar doya ce, da rogo, da riɗi, da agushi, da shinkafa, da masara. Alkama sanyi take so, shi ya sa ake nomanta da rani lokacin hunturu a wurare irin su Kadawa a Kano, kwarin Haɗeja a Jigawa, Kebbi da yankin Tafkin Chadi, a shuka wajen Nuwamba zuwa Disamba, a girbe wajen Maris zuwa Afrilu. Duk da haka fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da ƙasar nan ke ci daga waje ake shigo da ita. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita don a noma a gida, a 1992 aka janye hanin. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, burodin mai shayin tashar Lafiya sai da ya ji a jikinsa. Kwaka kuwa ba ma a maganarta, ita ce mafi tsada a cikin kwaɓin, kuma farashinta dala yake bi.

Saboda haka ba kullum nake sa kwaka ba. Idan wata ya yi nisa, acca nake sawa a madadinta, wadda ake nomawa a Filato, kudancin Kaduna da arewacin jiharmu. A wanke ta sosai don yashi, a zuba mata ruwan zafi ta kumbura ta huce, sannan a haɗa da nonon. Garin gero ma yana yi, gwangwani ɗaya a kan biyun alkama, sai dai fanken ya fi saurin karyewa saboda gero ba shi da danƙo. Ɗanɗanon yana komawa wajen na fura, ni kam ban ƙi ba. 'Yan uwanmu da ke karatun noma da kimiyyar abinci, a tsangayar noma ta Shabu da sauran makarantun Lafiya, ga batun bincike a ƙofar gida: nawa ne iyakar acca ko gero da za a iya sawa kafin fanke ya daina zama fanke? Ni fannina daban ne, kaskona ne kawai ɗakin gwajina.

Gargaɗi biyu, don kar a ce ni na ce. Na farko, yadda ake yaɗawa cewa alkama maganin ciwon suga ce, ba haka ba ne. Sitaci ce ita ma, tana ɗaga suga, dusar ce kawai ke rage sauri. Mai wannan lalura ya bi maganar likitansa, ya kuma cire sugan da na lissafa. Na biyu, masu fama da gyambon ciki, fanke ba ya warkar da shi. Yawancinsa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ko yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ɗalibai ke haɗiya a kan komai-a-ciki-babu lokacin jarrabawa. A je asibiti a yi gwaji.

Sai maganar maza. Tun da abokai suka gane ni nake soyawa, tsokana ba ta ƙare ba. "Kai dai ka yi aure ka huta." "Wa ya ga malami da ludayi." Ina dariya in wuce. Amma a tsakaninmu, wanda ya soya fanke da wanda ya dafa tebur a gaban malamai, wa ya fi jin kunya? Mai shayi namiji ne, mai tsire namiji ne, masu gasa burodi maza ne, ba wanda ya ce sun zubar da girma. Sai in don cikinka za ka yi ne abin ke zama abin magana. Kuma matan ajinmu da ke tashi ƙarfe huɗu su dafa na maigida da na yara, su goyo jariri su zo lakca, su ma ba aljanu ba ne. Da yawansu su ne ke zuwa ba su karya ba, saboda kafin a zo kansu tukunya ta ƙare.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne yadda robar nan ta zama ta aji. Bayan abin da ya faru a semina, sai na riƙa ninka kwaɓin ranar lakca. Ba na cewa "wa ke jin yunwa", don ba wanda zai ɗaga hannu. Sai dai in buɗe roba in ce, "Ku ɗanɗana ku ba ni maki." Da sunan ba da maki kowa ke ɗauka, har wanda ya fi kowa buƙata, ba tare da an kalle shi ba. Yanzu wata 'yar ajinmu tana kawo zoɓo, wani yana kawo dafaffiyar gyaɗa, wani Batibe a cikinmu yana zuwa da lemu daga gida idan lokacinsa ya yi. Ba ƙungiya muka kafa ba, ba mu da shugaba ko ma'aji. Magidancin nan kuwa ya karɓi ma'aunin ya kai gida, ya ce yaransa sun fi son na gero. Ya sake gabatar da takardarsa, ya kuma wuce.

Roƙona ga 'yan mastas da 'yan digirin digirgir, ku duba na kusa da ku a benci. Wanda ya yi shiru a lakcar rana, ba lallai rashin karatu ba ne. In kana da abin da za ka iya ninkawa, ko fanke ne, ko ɗanwake, ko dafaffen rogo da ƙuli, ka ninka, ka kuma nemo dabarar bayarwa da ba za ta taɓa mutuncinsa ba. Wanda kuma ya gwada da acca ko gero ya samu ma'aunin da ya fi nawa, don Allah ya sanar da mu, muna jira.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya rufa mana asiri, ya sa mu ga ranar kare kundinmu lafiya. Masu jarrabawa a wannan zangon, Allah ya ba da sa'a.